Yadda Aka Raba 'Yan Ukun Bakin Kogi

Ni a bakin ruwan nan aka yanke mini cibiya, a bakinsa aka kai ni ɗakin miji, a bakinsa kuma nake zaman jiran nawa lokacin. Kakannina daga gabas suka taso, can wajen tafkin Chadi, suka yi ta bin ruwa suna yada zango har Allah ya zaunar da su a Haɗeja. Ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani shinkafa: in sayi shanshera, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji. To idan aka ji bakina cikin maganar kwamfuta kada a yi mamaki. Ba kwamfutar ce ta dame ni ba. Abin da aka yi wa jikata ne.

'Yar babban ɗana ce. Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita, ba ta kuma koma ba. Ƙawata nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohuwa idan tana neman tsokana, Kaka idan tana neman wani abu. Ta yi karatu a nan, ta tafi Kano ta ƙara, yajin aikin malamai ya yi ta jan karatun kamar danƙo. Ta gama ta sake komawa. Daga nan aka tura ta wata ƙasa mai sanyi, ta dawo da rama da tabarau da babban digiri na injiniyan kwamfuta. Can sun ce ta zauna, ta ce a'a. Ta kama koyarwa a jami'a, a wani ofishi da na taɓa zuwa sau ɗaya: fanka ba ta juyawa, takardun ɗalibai sun kai mata kafaɗa, wayoyi ja da baƙi sun cika tebur kamar hanjin kaza.

Ranar na tambaye ta, na ce, "Ƙawata, wai shin mene ne aikin naki? Gyara kike yi ko ƙerawa?"

Ta ce, "Tsohuwa, ni aikina zama in yi ta tunanin yadda abu zai lalace."

Na ce, "A'uzubillahi! Duk karatun nan mugun fata aka koya miki?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce babu na'urar da ba ta lalacewa, ko wa ya ƙera ta. Batir yana mutuwa, waya tana tsinkewa, tsawa tana faɗawa. Gwaninta ba ta hana lalacewa ba ce. Gwaninta ita ce a tsara abu yadda idan wani sashe ya mutu, sauran za su ci gaba da aiki, kuma ba za su yi wa mutane ƙarya ba. Ta ce haka ake yi wa jirgin sama, haka ake yi wa na'urar asibiti. A ɗakin gwajinsu ma da gangan suke cire waya suna kashe wuta, su ga ko abin zai tsaya da ƙafarsa. Na ce to Allah ya ba da sa'a, amma kada ta zo gidana ta gwada.

Mu nan kowa ya san halin kogin. Shekara ɗaya ya ciyar da kai, wata shekarar ya shigo maka har ɗaki. Idan damina ta yi nisa aka saki ruwa daga sama, mai shinkafa a fadama ba ya barcin kirki. Wannan ne jikata ta ɗauka ya zama babban bincikenta. Shekaru ta yi a kansa, ita da ɗalibanta. A kansa take sa ran ƙarin girma a jami'a, a kansa ta ƙi komawa ƙasar sanyi. Ta ƙera na'urar da ke auna tashin ruwa. Akwati ne ƙarami a kan dogon ƙarfe, da faifan sola a kansa kamar malafa, da ido a ƙasa yana kallon ruwa. Idan ruwa ya taso fiye da kima sai ta kira wayoyin manoma, ta yi musu magana da Hausa.

Amma ba guda ɗaya ta dasa ba. Uku ta dasa, kusa da juna, a wuri ɗaya.

A kula da wannan, don a nan maganar take. Ta ce mini, "Kaka, idan kika aiki mutum ɗaya ya dubo miki kogi, ya dawo ya ce ya cika, ba ki san ko idonsa ne ya gaya masa ƙarya ba. Idan biyu kika aika suka saɓa, ba ki san wa za ki bi ba. Idan uku ne, biyun da bakinsu ya zo ɗaya su ne masu gaskiya." Na'urorin nan shawara suke yi a tsakaninsu kafin su buɗe baki. Idan ɗaya ta rikice, biyun su danne ta. Sai fa idan ɗaya ta nemi 'yan'uwanta ta rasa, to sai ta ɗauka ruwa ne ya cinye su, ta yi magana ita kaɗai. Mutane suka sa musu suna 'yan uku.

Garuruwa uku ne suka haɗu a ƙungiyar manoman da ta yi aikin da su, duk a hanyar Kirikasamma, a jere bisa gaɓa. A na farko, wanda ruwa ke fara isa, ta dasa. Shugaban ƙungiyar kuwa ƙanin mijina ne, Allah ya jiƙan mijin. Tun ina amarya nake wasa da shi, ni na yi masa kunun angwanci. Mutum ne mai son a ce ya yi adalci. Idan taki ya zo shi ke rabawa, idan injin ban ruwa ya zo shi ke tsara wa zai fara, ba a taɓa cewa ya ci na wani ba. Ranar da aka dasa 'yan uku yana gaba da babbar riga. Jikata ta yi bayani, ta maimaita, ta ce kada a taɓa su, kada a raba su. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla, madalla.

Da damina ta kankama aka gayyace ta wani aiki na 'yan watanni a waje, irin wanda malaman jami'a ke zuwa su haɗa kai da takwarorinsu. Ta zo ta yi mini sallama, ta ce hankalinta a kwance yake, ta yi tanadin komai.

Wata ranar Laraba da hantsi, shinkafa ta fitar da kai ta fara nauyi amma ba ta ƙosa ba, wayoyin mutanen garin farko suka ɗauki ruri gaba ɗaya. Muryar ta ce ruwa ya taso, a kwashe abin da za a iya kwashewa. Wanda ya taɓa ganin gonarsa ta zama tafki ba ya tsayawa tambaya. Maza da mata suka fita da lauje. Wasu sun leƙa kogi sun ga yana nan yadda yake, amma suka ce wataƙila na'ura ta hango abin da ke tafe. Aka yanke shinkafa ɗanya, aka yi ta jida da amalanke zuwa tudu. Aka zauna jiran ruwa. Ruwa bai zo ba. Washegari bai zo ba. Har damina ta ɗauke bai haura jinga ba.

Na ga shinkafar da idona, don wasu sun kawo mini ko zan iya yi mata dabara. Na murza a tafin hannu. Rabi ƙaiƙayi, rabi tsaki. Ko kaji sai sun yi haƙuri. Na tausaya musu, Allah shi ne shaida, har yanzu ina tausaya musu. Abincin shekara ne.

Sai magana ta tashi. A kasuwa, a inji, a gidan suna. Wai 'yar boko ta zo ta yi gwaji da cikin talakawa. Wai ta karɓi na Turawa ta gudu. Wata da na yi wa wankan jego da hannuna ta dube ni a gidan biki ta ce, "Hajiya, ya mai akwatin ƙarya, tana lafiya?" Mata suka kwashe da dariya. Na ajiye kwanon da ke hannuna na fito ko takalmi ban saka daidai ba. Ƙungiya kuma ta kai ƙara jami'a. Aka gaya wa jikata ta dakatar da aikin, za a turo manya su bincika. Idan aka samu na'urorin ne suka yi ƙarya su ukun, za a tuge su, a karɓe aikin daga hannunta, shekarun da ta zuba su bi ruwa, sunanta kuma ya ɓaci a wurin da take ci da sunan.

Ta katse tafiyarta ta dawo. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce bakin kogi. Ta tarar da 'yan uku a tsaye a wurinsu, a jere, kamar yadda ta bar su. Ta leƙa idon ta tsakiyar ta ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kai, ya toshe. Na'urar tana ganin laka dab da idonta ta ɗauka ruwa ne ya iso. Wannan bai ba ta mamaki ba, irinsa ta yi wa tanadi. Abin da ya ɗaure mata kai, me ya hana biyun su danne ta? Ta tambayi mutanen gari, kowa ya ce shi bai san komai ba. Ta dawo gida ta zauna a kan tabarmata, na zuba mata abinci ta yi ta juya cokali.

Ni ce na ji, ba don na fi kowa wayo ba, sai don mata ba sa iya aiki baki a rufe. Wata mai kawo mini shanshera daga gari na biyu muna awo tana hira, ta ce, "Mu dai tamu da aka kawo mana ba ta taɓa ƙarya ba, shiru take abinta. Surukina har shara yake sa a yi mata. Da aka zo aka tafi da ita sai da ya yi kwana biyu yana mita."

Na ce, "Taku wace?"

Ta ce, "Ta cikin 'yan ukun mana. Da aka raba, kowane gari ɗaya." Sai ta ga fuskata, ta kama bakinta da hannu. Ta ce, "Hajiya, don Allah ban faɗa ba."

Ashe jikata na juya baya mutanen gari na biyu da na uku suka taso wa shugaba. Ƙungiya ɗaya, wahala ɗaya, don me gari ɗaya zai riƙe uku su ba su da ko ɗaya? Ya ga maganarsu a kan hanya take. Aka tuge biyu, aka ɗora a amalanke, aka yi rabo kamar na taki. Ta garin farko ta rage ita kaɗai, babu mai ce mata kin yi kuskure. Wannan duka zan iya haɗiyewa. Mutanen da suka saba da cewa abin da ya zo na kowa ne, rabo suka sani. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne na bayansa. Da ɓarna ta auku, kafin yarinyar ta sauka daga jirgi, suka koma suka kwaso biyun, suka mayar da su ramukansu, suka share sawu. Garuruwa uku, da limamansu da dattawansu, suka haɗa baki suka yi shiru, suka bar 'yar mutane da kaya a ka.

Na je na gaya wa jikata. Na zaci za ta miƙe tsaye. Sai ta cire tabarau ta goge da mayafi, ta ce, "Na yi zargin haka. Simintin gindin biyun sabo ne."

Na ce, "To me kike jira?"

Ta ce, "Kaka, ko an raba su, ai da laifin tsarina. Na yi tanadin ɓarawo, na yi tanadin tsawa, na yi tanadin saniya ta ture. Ban yi tanadin adalci ba. Kuma na koya musu haƙuri ban koya musu kuka ba. Ranar da aka raba su ya kamata su kira ni su ce an raba mu. Sai kowace ta yi shiru ta ci gaba da aiki."

Na ce, "Ke aka cuta, ke ce kuma mai neman laifin kanki?"

Ta ce, "Mu a aikinmu ba a tambayar wa ya yi. Ana tambayar me ya bari aka iya yi."

Na ce, "To ni a nawa aikin ana tambaya. Idan na ba da buhu aka dawo mini da rabi, sai na ji wa ya buɗe."

Ta ce ba za ta tsaya gaban baƙi ta tona asirin ƙanin kakanta ba. Ta ce in bar maganar. Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Da la'asar na yafa mayafi na tafi gidansa. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Ya ce, "A'a, matar yaya, yau hanya ta biyo da ke? Ko kin zo biko ne?"

Na ce, "Ajiye wasan, shugaban masu rabo. Amalanken wa aka ɗauka?"

Ya leƙa ƙofa ya dawo. Ya ce, "Zauna mana."

Na ce, "A tsaye na zo."

Ya ce shi wallahi ya ɗauka biyun sifiya ne, kamar tayar da ake ratayawa a bayan mota. Ya ce yarinyar ta yi bayani, amma bayanin ya yi tsawo, kuma kunya ta hana shi cewa jikarsa ta maimaita a gaban jama'a. Ya ce, "Gari uku, na'ura uku. Ke da kanki, da ke ce, ya za ki yi?"

Na ce, "Ban zo kan rabo ba. Na zo kan mayarwa."

Nan ya sassauta murya. Ya ce, "Yaya, ki duba mutanen nan. Rumbunansu babu komai. Idan aka ce laifin na'ura ne, wataƙila a kawo musu tallafi. Idan aka ce namu ne, wa zai dube su? Ita tana da albashi, tana da ilimi, ko'ina ta je za ta ci abinci."

Na ce, "Wato ita ce ragon da za ku yanka."

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba."

Na ce, "Ranar da aka kawo ta gidana tana kukan nono kai ka saya mata alewa. Ka tuna, ko shi ma an share sawunsa?"

Bai ɗago ba. Na fito. Ina tafe ina jin maganarsa tana bina, don ba duka ce ƙarya ba, rumbunan babu komai ɗin. Amma yaushe aka fara cika rumbu da mutuncin wani?

Ranar binciken aka taru a garin farko, ƙarƙashin wata tsamiya kusa da jinga, 'yan uku na tsaye a gefe. Jami'a ta turo wani farfesa mai furfura da wasu mutum biyu. Maza suka cika tabarmi, mu mata muna can baya jikin danga. Jikata ba ta so na zo ba. Na ce motar haya ba ta ubanta ba ce.

Masu ƙara suka yi magana, suka nuna shinkafar a faranti. Shugaba ya ce su dai na'ura ta kira, sun bi. Aka ba jikata dama. Ta miƙe ta yi bayanin zanzaro. Farfesan ya ce, "To sauran biyun fa? Me ya sa ba su hana ba?" Ta ce a lokacin ta tsakiyar ba ta jin su. Ya ce, "Me ya sa?" Ta dubi ƙasa, ta ce, "Akwai giɓi a tsarina, ranka ya daɗe. Ni ke da alhakinsa." Na ji guna-guni ya bi tabarmi: ta amsa, ta amsa. Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya yana rubutu. Ƙanin mijina yana kallon yatsun ƙafarsa.

Tsufa yana da ranarsa. Tsohuwa tana iya ratsa taron maza babu mai ce mata koma. Na dogara sanda na miƙe, na yi sallama, aka amsa. Na ce ni ban zo shari'a ba, ban san boko ba. Na ce godiya na zo yi, don an yi wa gidanmu alheri ba mu sani ba sai daga baya, kuma a gidanmu ba a kwana da godiya.

Na juya wajen wani dattijo da ke gaba, tsohon masunci, surukin matar nan mai kawo mini shanshera. Kunnensa ya yi nauyi, amma mutum ne da ba a taɓa gaishe shi ya ƙi amsawa ba. Na ɗaga murya yadda zai ji. Na ce, "Baba, an ce a ƙofar gidanka aka sauki baƙuwar jikata duk daminar nan. An ce har shara kake sa a yi mata. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Haba Hajiya, ba komai, ba komai! Ai baƙuwar kirki ce, ba ta ci ba ta sha. Ni da an bi tawa ma da ba a dawo da ita ba. Na gaya wa shugaba, na ce tunda an raba an raba!"

Ɗansa ya ja masa riga. Ya ce, "Mene ne? Godiya aka yi mini, in yi shiru?"

Farfesan ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "Baba, wace ce aka dawo da ita?" Dattijon ya miƙa sanda ya nuna ta hannun dama, ya ce, "Waccan, mai tabo a wuya." Wani daga gari na uku, da ya ga rufi ya yaye, ya ce to su ma tasu ta hagun ce. Daga nan kowa ya samu baki. Masu cewa ba su san komai ba jiya, yau kowa yana gyara wa wani labari. Aka juyo kan shugaba. Ya miƙe da kyar ya ce, "An yi haka." Kalma uku. Bai dubi inda jikata take ba.

A mota muna komowa, sai da muka wuce rabin hanya jikata ta juyo wajena. Sannan ta ce, "Kaka, kin kunyata dattijo a gaban jama'arsa."

Na ce, "Ni godiya na yi."

Ta ce, "Kin san mutanen can yanzu ba su da abin da za su riƙe su nemi taimako."

Na ce, "Da ke suke riƙe. Na karɓe ki."

Ta juya tana kallon taga. Ban sani ba ko kuka take ko fushi, ban kuma tambaya ba.

Ba a karɓe aikin ba. Jami'a ta ce ta ci gaba. Tallafi bai zo wa mutanen garin farko ba, ko da ma zai zo, Allah ne masani. Sun sha wuya a shekarar, wasu sai da suka tafi ci-rani tun kafin lokaci. Ƙanin mijina ya sauka daga shugabanci da kansa. Muna haɗuwa a jana'iza mu gaisa, wasan dai ya mutu.

Jikata kuwa ta koma ɗakin gwajinta ta sake zama. Ta ƙera wasu ƙanana masu sauƙi, ta ba kowane gari uku nasa. Ta sa musu raga a ido saboda zanzaro. Ta koya musu kuka: yanzu ko taku goma ka matsar da ɗaya daga 'yan'uwanta, sai ta kira jikata, ta kira mai gari, ta yi ta ƙara har a mayar da ita. Kafin ta dasa kuma sai ta tara mutane ta toshe idon ɗaya da laka a gabansu, su ga yadda biyun ke danne ta, sannan ta ɗauke biyun su ji yadda ɗayar ke zuba ƙarya.

Ta rubuta duk abin da ya faru, aka buga a mujallar masana irinta, aka kuma ba ta ƙarin girman. Ta zo da takardar ta zauna tana karanta mini tana juyawa da Hausa. Na ji zanzaro. Na ji rabo, ta ma yaba shi, wai al'adar adalci ce da mai tsara na'ura ya wajaba ya lissafa da ita. Na ji giɓin tsarinta, shi ta fi daɗewa a kai. Ta kai ƙarshe ta rufe.

Na ce, "Ina wurin da suka mayar da su a ɓoye suka share sawu?"

Ta ce, "Wannan ba injiniyanci ba ne, tsohuwa."

Na ce, "Ina wurin da garuruwa uku suka zuba miki ido kina ɗaukar laifinsu? Ina wurin da ya nuna ko mutum ɗaya ya tako ya ce ki yi haƙuri?"

Ta ce, "Ai babu wanda ya zo."

Na ce, "To shi nake so a rubuta."

Ta ce ita ba za ta rubuta ba. Na ce ba ita kaɗai ta iya riƙe biro a Haɗeja ba. Na samu mai rubuta mini, na zaunar da ita, na faɗa tana rubutawa, na sa ta karanta mini daga farko, inda ta sassauta na ce ta mayar yadda na faɗa.